Taku Huɗu na Lukuti

"Huɗu," in ji Baba Mai Awo daga kan gadonsa, yana ɗaga yatsu. "Daga ƙafar gadon nan zuwa bakin ƙofa. Sannan ta zube daɓas, ta yi mini dariya."

Maman Lukuti ko jakar aiki ba ta ajiye ba. Ta dubi 'yarta, wata goma sha bakwai a duniya, tana jan gindi a kan leda kamar kullum. Tun da aka mayar da ita aikin safe a kantin magani, a ɗakin maƙwabcin nan take barin yarinyar, wajen 'yarsa mai jinyarsa. A asibiti kuwa an ce idan wata ya ƙare ba ta taka ba, sai an tura su wajen babban likita. Da maganar take kwana, da ita take tashi.

"Anti, kin gani?"

"Ina can ina shanya," in ji 'yar Baba. Ta rage murya. "Kada ki sa rai. Jiya ma cewa ya yi an yi ruwa."

"An yi!" in ji tsohon. "Ɗigo bakwai a kan kwano, kuna can kuna surutu."

Shekara talatin ya yi yana auna ruwan sama a ofishin yanayi, har aikin ya zama sunansa.

Maman Lukuti ta tsayar da yarinyar, ta ja baya, ta miƙa hannu. "Taho, 'yar albarka, taho." Lukuti ta zauna. Sau uku ana yi, sau uku tana zama.

"Baba, abin da ban gani ba, yaya zan gaya wa likita?"

"'Yata, ganinki ne ke ɗaga mata ƙafa? Sau nawa ruwa ya sauka ba kowa a tasharmu? Da safe in tarar da shi a kwalba. Bai taɓa jira na ba."

"Ai kai ka tarar a kwalba. Ni ina kwalbata?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. "Ba ki da ita kam. Amma ko na mance, ko na mutu gobe, ko duk ku taru ku ce na ruɗe, huɗun nan sun riga sun faru. Ba mai mayar da su."

Mijin Maman Lukuti, direban motar kaya, cewa ya yi tsohon faranta mata rai kawai yake. Ba ta yi musu ba. Sai dai a yammacin nan ta ɗora butar shayi a kan kabad, ta naɗe kusurwoyin tebur da tsumma, ta sa aka buga sakata a ƙofar bene.

"Duk wannan na wa?" in ji mijin.

"Na mai tafiya," in ji ta.

Kwana tara Baba ya ƙara. Murya ta sirance, amma kullum da safe sai ya ce, "Ina amaryar tawa mai rowa? Ko ɗaya ba ta ƙara mini ba." Wata rana 'yarsa ta ce, "Baba, ka ce biyar mana, mu ji daɗi." Ya buɗe ido ɗaya. "Huɗu ne."

Ya cika da hantsi, bayan ya sha rabin kofin shayi, taga a buɗe.

Kwana biyu bayan nan, ɗakin cike da masu ta'aziyya, Maman Lukuti na zuba wa baƙi ruwa, ta ji an kama gefen zanenta, sannan ta ji an saki. Ta waiwaya. Ga Lukuti nan tsaye, hannuwa a sama, tana tangaɗi tsakanin gwiwoyin mutane, ta nufi ƙofa.

Mijin ya manta inda yake. "Ta taka! Wallahi ta taka! Yau ta fara!"

"Ba yau ta fara ba," in ji Maman Lukuti, hawaye na bin haɓarta. "Wannan karo na biyu ne."

'Yar Baba ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka ne ko dariya ba sai da ta ɗago.

Lukuti kuwa ta isa bakin ƙofa, ta zauna a cikin tulin takalman baƙi, tana ta kiciniyar cusa ƙafafunta biyu a cikin guda.