Manaja Ya Aika A Rage Masa Ƙiba

Tun da Allah ya ɗaga Manaja, bai ƙara yi wa kansa komai ba. Kamfanin buga takardu gare shi, injina a ƙasa, ofishinsa a bene, da wata tagar gilashi da yake leƙen ma'aikata ta cikinta. Layin banki, sai ya aika. Dubiyar mara lafiya, sai ya aika. Ko takalmi zai saya, tsohon ake ɗauka a je a gwada. Ɗan aiken kuwa kullum ɗaya ne, ƙaninsa da kowa ke kira Auta duk da furfura ta fara leƙo masa, shi ma da teɓarsa irin ta gidansu.

Sai gwiwa ta fara ciwo, ita kuwa ba ta san wakili ba. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton gwiwar ya duba, ya ce sai an yi aiki an sa masa sabuwa, amma ba zai taɓa shi ba sai ya rage nauyi, in ba haka ba sabuwar gwiwar ma ba za ta ɗauke shi ba. Manaja ya tsorata, tsoro na gaske. Ya san ma'aikatansa sarai: wanda ke zaune bayan tagar nan shi ne mai kamfani, ranar da ya kasa hawa benen nan kuwa sunansa tsohon manaja. Don haka da aka tura shi wajen likitar abinci, ya daure ya je da ƙafarsa, yana ganin ya yi wa duniya alfarma.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, sikeli a lungu, faranti da 'ya'yan itatuwan roba a kan tebur. Likitar ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Ta sa ya cire takalmi ya hau sikelin, ta rubuta abin da ta gani ba tare da ta ce masa sannu ba.

"Ranka ya daɗe, da me ka karya yau?"

"Ɗan shayi."

"Da me?"

"Da ɗan burodi. Da ɗan ƙwai."

"Lemon kwalba fa, kana sha?"

Manaja ya sha mur. "'Yata, magani na zo karɓa, ba tambayar 'yan sanda ba."

"Ni ba na ba da ƙwaya, ranka ya daɗe," in ji ta. "Zama za mu riƙa yi, mu gyara cin abincinka kaɗan-kaɗan. Ka dawo mako mai zuwa."

A mota Manaja ya yi ta zuba. "Ka ji fa, Auta! Shekara da shekaru a jami'a, don ta ce wa mutum ya ci ganye. Akuya ma ta san wannan, kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Mako mai zuwa kai za ka je, ka karɓo min sauran bayanin."

Auta ya je. Likitar ta dube shi, ta dubi katin, ta ce ba a hawa sikeli a madadin wani. Amma da ta ga yadda yake haki daga ɗan tattakin bakin ƙofa zuwa kujera, sai ta ce tunda ya zo, shi ma ya hau. Auta ya hau, ya ga lambar. A ranar ya yanki katin kansa.

Bawan Allah bai ɓoye komai ba. Duk ranar da ya dawo sai ya tsaya gaban teburin yayansa ya karanto: a rage shinkafa a ƙara wake da ganye, a bar lemo a kama ruwa, a ɗan taka bayan cin abinci, gwiwa in ta hana, a motsa jiki a zaune.

"Kuma ta ce, Yaya, don Allah ka zo da kanka."

Manaja, da cinyar kaza a hannu, sai ya gyaɗa kai irin na manya. "Madalla. To, an gama da wannan. Sai me kuma?" Abin haushin, har cikin ransa yake jin an gama ɗin. Yakan shafa tumbi ya ji kamar ya ɗan saki. Ya sa aka sayo masa sikeli mafi tsada a kasuwa, aka ajiye a banɗaki cikin kwalinsa. Da matarsa ta gwada rage mai a girki, ture farantin ya yi, ya ce shi ba a asibiti yake kwance ba.

Auta kuwa ya kama zubewa. Ya ƙara huda a bel ɗinsa, ya kai riguna wajen tela a rage. Manaja ya samu abin dariya.

"Dube ka, kamar wanda ya tashi daga jinya! Matarka ba ta ba ka abinci ne? Wannan yarinyar za ta ƙarar da kai."

"Yaya, wallahi barci nake kamar jariri. Ka zo mu je tare."

"Mu je ina? Ba kana zuwa ba?"

Ana haka hawan bene ya fara gagara. Da farko Manaja yakan hau da safe, ya ƙi saukowa sai an tashi. Daga baya ya koma tsallake rana. Auta, hau ka ɗauko min takardar nan. Auta, hau ka amsa wayar nan. Auta, baƙin nan kai su sama ka ji da su. Auta yana haye matakala bibbiyu, ko numfashinsa ba ya canzawa.

Da lokacin komawa wajen likitan ƙashi ya yi, sikeli ya nuna Manaja ƙaruwa ma ya yi.

"Kana ganin likitar abincin kuwa?" likita ya tambaya.

"Ba mu taɓa fashi ba, likita! Ni dai na faɗa tun farko, harkar nan yaudara ce. Ba ta rage min ko ƙwayar zarra ba."

Likita ya dubi Auta da ke tsaye riƙe da takalman yayansa, riga tana masa yawa, ya sake duban Manaja. Ya rufe fayil ɗin.

"Ranka ya daɗe, ranar da ka rage, ka dawo."

Washegari Manaja ya iso kamfani da zuciya, ya rantse yau sai ya zauna a kujerarsa. Ya kama ƙarfen matakala, ya ja jiki, ya ƙara ja. Bai kai rabi ba gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya cak, gumi na zuba, ba sama ba ƙasa, injina suna ta ƙara, ma'aikata kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Ƙarti biyu ne suka sauko da shi. Aka jawo masa kujerar roba aka ajiye a gindin matakala, kusa da injin yanka takarda, aka ce ya ɗan huta.

Yana nan zaune yana fifita da wani kwali, sai ga wani baƙo cikin shiga mai kyau, da jaka a hannu, da ganinsa babban aiki ya kawo. Ya ɗan rusuna wa Manaja cikin ladabi.

"Sannu da hutawa, Baba. Don Allah manaja yana nan?"

Manaja ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki, mai yankan takarda ya amsa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Yana sama, ku hau."

Manaja ya jira wani ya gyara maganar. Ya dubi masu injin ɗaya bayan ɗaya, mutanen da shi ya ɗauke su aiki da hannunsa. Babu wanda ya ji an faɗi kuskure. Baƙon yana tsaye yana jira, don ƙafar Baba ta tare hanya. Manaja ya sa hannu biyu ya ɗaga gwiwar, ya janye ta gefe, mutumin ya wuce ya hau.