Waƙar Tsohon Keke

Kwana uku ke nan Inna ta ƙi karɓar abinci daga hannun tela. Ɗanta ne na fari, shekara hamsin da biyu, ga furfura ga tumbi, amma tun da mantuwa ta kama ta, kallon baƙon da ya ɓata hanya take yi masa.

Likita ya ce sunaye kan riga waƙa ficewa daga ƙwaƙwalwa. "Ku nemo wadda ta saba ji."

Akwai guda, wadda marigayi Baba yake rerawa in yana ɗinki. Shekara ashirin tela yana jin ta kullum. Ya zauna tsakar gida, ya runtse ido, ya yi ta gurnani. Abin da ya fito tallan sabulu ne na rediyo.

"Baban yara, ciki ne?" in ji matarsa.

"Waƙa nake nema."

"To nema a hankali, kar maƙwabta su shigo jaje."

Bai haƙura ba. Washegari a shago, yana ɗinki da keken lantarki, sai ya ji ƙafafunsa suna rawa su kaɗai a ƙarƙashin tebur, gaba, baya. Ya tsaya cak. Ashe Baba bai taɓa rera waƙar nan ba sai yana taka keke.

Tsohon keken yana bayan shago, buhunan ƙyalle sun danne shi. Ya jawo shi, ya ɗiga masa mai, ya ɗaura sabon bel, ya turo shi gida a baro, ƙugunsa na tsine masa.

Ya ajiye shi gaban gadon Inna, ya sa ƙyalle, ya fara takawa. Taka-taka-taka. Shiru. Gumi ya jiƙa masa riga, matarsa na bakin ƙofa riƙe da kwano. Ya ci gaba. Can sai waƙar ta taso daga ƙafa, ta bi ta gwiwa, ta fito baki, da muryar da ko shi ba zai saurara da son ransa ba.

Inna ta juyo.

"Kai, Kunnuwa, rage gudu! Ubanka ba haka yake yi ba. Sai ka karya allura?"

Rabonsa da wannan mugun suna shekara arba'in. Ya rage gudu, ya yafito matarsa da hannu.

"Miƙo cokalin, kafin ta tuna sauran sunayen."