Ranar Ɗaga Ƙofa

Ƙofar ƙarfen gidan ta faɗi ne ranar Laraba, bayan ruwan sama. Malamin tarihi, wanda ya yi ritaya ya rage shi kaɗai a gidan mahaifinsu, ya tsaya yana kallonta a ƙasa, kuma maganar gaskiya daɗi ya ji. Ƙofar ba ta ɗaguwa sai da ƙarti, ga shi yana da ƙanne maza a garin waɗanda rabonsa da su tun rasuwar Inna.

Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da abin da malaman tarihin Musulunci na dā suka gano: dangi ne ke kafa daula, mutanen da wahala ta ɗaure wuri guda. In daɗi ya samu, sai sarki ya ture 'yan'uwansa ya ɗauko sojan haya, daga nan rushewa ta fara. Ɗalibai har gyangyaɗi suke yi, shi kuwa ko a jikinsa.

Ya bi ƙannen a waya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba ya son lebura, su zo ranar Asabar su ɗaga ta da hannunsu, yadda suka kafa ta da Baba suna samari. Kowa ya amsa da to.

Asabar tun da safe ya share tsakar gida, ya kakkaɓe kujeru, ya ɗora shayi, ya sa tsohuwar rigar aiki wadda ta matse shi a ciki. Da ya ji tsayuwar mota har tuntuɓe ya yi. Masu walda ne suka sauko da injinsu. Sai ga wayar ƙanensa likita.

"Yaya, ka tausaya wa bayanka mana. Jiya mun haɗu a gidan Auta mun yi shawara, muka ga gara a turo ƙwararru."

Ashe suna haɗuwa. Wannan ta fi komai yi masa ciwo, amma sai ya yi godiya.

Masu aikin sun iya aikinsu. Ya zagaya yana neman aibi bai samu ba. Suka sha shayin a tsaye, suka sa sabon kwaɗo, babbansu ya goge hannu ya ce, "Baba, makulli nawa za a yanko wa mutanen gidan?"

Malam ya juya ya dubi jerin ɗakunan.

"Makulli ɗayan da ya zo da kwaɗon ya isa," ya ce.