Guraben da Gwaggo Ta Bari

Laftof ɗaya. Makirufo biyu, ɗaya na aro. Igiyoyinsu a cukurkuɗe. Hedifon da kunnensa na hagu ya mutu. Filashi. Fom ɗin makaranta, an cike, saura sa hannu.

Abin da ke cikin jakar da na rungume ke nan a motar Yaya Abba, mun maƙale a cunkoson Ƙofar Mazugal.

"Ki sa hannu kawai, Zara," in ji shi. "Wata tara ne. Ke da kika share shekara shida a Malesiya saboda takarda ɗaya, wata tara ne zai gagare ki?"

"Ka ji abin da malamin nan ya yi wa waƙar Gwaggo?"

"Na ji. Ta yi daɗi. Kamar ta rediyo."

"Shi ne abin da ya yi mata."

Ya ja tsaki, ya danna wa mai amalanke hon.

Bara na dawo da digirin injiniyan ruwa, ban sami aiki ba. Sai na koma kan abin da dama shi nake so, haɗa sauti. Da bidiyon intanet nake koya, a ɗaki, ni kaɗai. Kuma ina da dalili. Gwaggo 'Yardada, yayar babanmu da ke Jakara, ta yi shekara arba'in tana kiɗan ƙwarya a bikin mata. Waƙoƙi talatin da biyu ne a kanta, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko ɗaya. 'Yan amshinta duk sun rasu, sai Luba, ita ma da sanda take tafiya. Wata huɗu ina roƙo kafin Gwaggo ta yarda ta yi mini guda ɗaya. Ta ce in ta ji ta gamsu, za ta ba ni sauran. In ba ta gamsu ba, da su za a binne ta.

Na ɗauka. Muryarta ta fita, ƙwaryar da ke kife a kan ruwan baho ta fita, amma ƙugin injin markaɗen Ɗantani maƙwabcinta ya kwanta a ƙarƙashin komai. Wata guda na yi ina fama da ƙugin nan. In na cire shi, muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Da Yaya Abba ya gaji da ganina, sai ya kai ni makarantar wani Malam Ashafa, a saman wani bene a wajen ganuwa, inda ake ba da mako guda na gwaji. A gabana mutumin ya cire ƙugin cikin minti uku. Ban ɓoye mamakina ba. Na bar masa filashin, ya ce zai ƙarasa gyarawa, in ga abin da makaranta ke yi.

Jiya bayan la'asar na kunna wa Gwaggo gyararriyar. Tana zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe. Ba a yi minti ɗaya ba ta ce, "Kashe."

Na kashe.

"Ina gurbin Isiyaku?"

Ban gane ba. Luba ce ta yi mini bayani, tana harara ta. Waƙar jerin sunayen 'yan gida ce. In Gwaggo ta ambaci wanda ya rasu, sai ta ɗaga sandar kiɗin, ta bar bugu ɗaya ya wuce babu komai, don mai ji ya samu damar cewa Allah ya jiƙansa. Haka ta gada daga uwarta. Gurabe goma sha ɗaya ne a waƙar. Na farkon na Isiyaku ne, ɗanta na fari. Malam Ashafa ya toshe su duka.

"Kin zaunar mini da rayayyu da matattu a tabarma ɗaya," in ji Gwaggo. Ta janyo ƙwaryar, ta juyar da ita, ta tuntsurar da ruwan bahon a tsakar gida. "Kwashe injinki, Baturiya."

Ni ma na ji guraben nan tun ranar da na ɗauka. Na zaci numfashi ne ke yanke wa tsohuwa. Wannan ban gaya wa kowa ba, kuma shi ya fi ci na.

Da muka fita daga cunkoson muka isa makarantar, mun sami Malam Ashafa a ɗakin darasi, ɗalibai shida kowa da hedifon. Ya taso da fara'a.

"Malama Zara! Hajiya ta ji aikin?"

"Ta ji. Ta kore ni."

Fara'ar ta ragu. Ya buɗe waƙar a kwamfutarsa, ya nuna mini layuka a tsaye, tazararsu ɗaya, kowane bugu a kan layinsa.

"Dubi. Sau goma sha ɗaya ta sauka daga layi. Tsufa ne, ba laifinta ba ne. Na mayar da ita."

"Ba sauka ta yi ba, Malam. Tsayawa ta yi. Matattunta ne a wurin."

Na faɗa masa abin da Luba ta faɗa mini. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya jiƙansu.

"Amma mai saye bai san wannan ba," in ji shi. "Shi zai ce faifan ne ke tsalle."

"Ka tambaye ni kafin ka taɓa?"

"Ke kin sani, da na tambaye ki?"

Wani ɗalibi ya zare hedifon yana kallonmu.

"To bari in yi tambaya," na ce. "In na sa hannu, aikina na ƙarshe waƙoƙin Gwaggo ne. Da gurabensu. Za ka karɓa?"

"Darasin farko a nan, komai ya hau layi. Shekara goma sha biyu ina koyar da shi. Aikin da bai hau layi ba, ba na ba shi maki. In na yi miki, gobe kowa ya kawo mini shirme ya ce kakarsa ce."

"Wato zan faɗi."

"Za ki faɗi. Kuma bari in gaya miki gaskiya, mai koya a waya bai san abin da bai sani ba. Wata guda kika yi a kan abin minti uku."

"Haka ne. Kai kuma minti nawa ka yi ka shafe mutum goma sha ɗaya?"

"Zara!" in ji Yaya Abba daga bakin ƙofa. "Malami ne fa."

"Ina ta asalin?" na ce.

Malam Ashafa ya duba filashin, babu. Ashe ya ɗora gyararriyar a kanta. Ta laftof ɗina kuwa ni da kaina na dagula ta da gwaje-gwaje, don ban san ana ajiye kwafin da ba a taɓawa ba. Babu bidiyon da ya gaya mini, ko ya faɗa na wuce wurin. Malam ya yi ta bincike, can ya same ta a kwandon sharar kwamfutarsa. Ya mayar mini a filashin.

"Da ƙuginta," in ji shi. "Ki yi ta fama."

A hanyar komawa Yaya Abba bai yi shiru ba. Wa zai ɗauke ni aiki babu takarda. Mutumin ya san aikinsa. Tsohuwa za ta huce. In koyi na layin tukuna, daga baya in karya.

"Wata tara," na ce. "Kai ka ba Gwaggo tabbacin wata tara? Ko Luba?"

Daga nan har Jakara rediyo ya kunna.

Gwaggo na ɗakinta tana jan carbi, Luba na gefe. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ajiye laftof a bakin tabarma na kunna ta asalin. Ƙugin ya fara, sai ƙwaryar, sai muryar. Ta ambaci Isiyaku. Bugu ɗaya ya wuce babu komai. Leɓɓanta suka motsa. Haka har sau goma sha ɗaya.

Da ta ƙare ta ce, "Wannan gurnanin na mene ne?"

"Injin Ɗantani ne, Gwaggo."

"Shi ne kika kai ni wajen ƙato ya yanka ni?" Ta juya. "Luba, leƙa ta katanga ki ce in ji ni ya kashe abin nan na awa ɗaya. Ni na yi wa uwarsa kiɗan aure."

Luba ta dogara sanda ta fita. Ba a jima ba injin ya mutu. Wata guda ina zaune gaban allo, ban taɓa tunanin leƙawa ta katanga ba.

"Ɗebo ruwa," in ji Gwaggo. "Kuma wannan karon ki zauna kusa. Duk inda na ɗaga sanda, ki tambaye ni waye."

Na cika bahon, na kife ƙwaryar, na kafa makirufo. Yaya Abba ya biyo ni har bakin ɗakin, fom ɗin a hannunsa, da biro.

"Ranar Litinin za su rufe karɓa. Ko ajiye shi ki yi."

"Matsa, Yaya, takalminka na shiga makirufo."

Na tura ƙyauren na sa sakata.

"Ba zan sa hannu ba," na ce ta bayan ƙofar. "A nan zan koya."