Ranar da Mama Ta Ƙi Zama Amarya

Lauyan ya ce abin ba wuya. Baba ya samu izinin zama a ƙasar da nake saboda wankin ƙoda da ake masa a asibitin da ke kusa da gidana. Mama kuwa da bizar ziyara ta shigo, kuma ta kusa ƙarewa. In ana so ta zauna, sai dai a matsayin matarsa, hukuma kuma ba ta san da aurensu ba. A wata ƙasa aka ɗaura shi, fiye da shekara arba'in da suka wuce, ba takarda, ba hoto.

"Ki kai su ofishin rajista a ɗaura sabo," in ji lauyan. "Kowa haka yake yi."

Na ce wa Mama sa hannu ne kawai.

Ranar da za mu je, Auta ta sayo furanni ta cusa mata a hannu.

"Amarya, ki ɗan yi murmushi mana."

"Zan yi miki amarya a ƙeya," in ji Mama.

Baba ya sa rigar da ta goge masa, ya dogara sandarsa. Sajan yake kiranta tun muna yara, don ita ke tashin kowa da safe.

"Sajan, yau dai ki rufa mini asiri, kar ki ce ba kya so na."

Ofishin yana hawa na uku, kujerun roba a jere, an haɗe ƙafafunsu da ƙarfe. Ma'aikaciyar da ta kira mu dattijuwa ce mai tabarau da igiya. Mama ba ta jin harshen ƙasar, don haka ni ce tafinta. Matar ta gargaɗe ni in faɗi duk abin da aka ce, kar in rage, kar in ƙara. Sannan ta dubi Mama.

"Kina da aure a yanzu, a nan ko a wata ƙasa?"

Na faɗa mata. Mama ta dube ni, ta dubi Baba.

"Wace irin tambaya ce wannan? Tsohon nan da ke zaune fa, ƙanena ne?"

"Mama, a'a za ki ce," na ce ƙasa-ƙasa.

"In na ce a'a me za ta rubuta?"

"Cewa ba ki taɓa aure ba."

"Ranar auren kuma?"

"Yau."

Ta ajiye furannin a kan tebur.

"To ke a ina na samo ki? A titi na tsince ki?"

Ma'aikaciyar ta tambayi abin da ta ce. Na faɗa mata duka. Ta cire tabarau, ta rufe fayil ɗin. Ta ce ba za ta iya aurar da masu aure ba, amma akwai wata hanya: kotu tana iya amincewa da auren da aka yi a waje, in wanda ya halarci ɗaurin ya rantse a gaban hukuma a can inda yake. Abin yana ɗaukar watanni, kuma sai Mama ta fita daga ƙasar ta jira. Da muka miƙe, ta zagayo teburin ta buɗe wa Mama ƙofa da kanta.

A mota na kasa haƙuri.

"Mama, takarda ce fa kawai."

"In takarda ce kawai, me ya sa za a fitar da ni a kanta?"

"Ni kuma wa zai riƙa yi mini girki marar gishiri?" in ji Baba.

"Ga 'yarka nan. Wadda ta iya shirya ƙarya za ta iya koyon girki."

Auta ta fashe da dariya, sannan ta tambayi su wa suka halarci ɗaurin. Mama ta fara lissafo su, kowa ta ambata sai ta ce Allah ya ji ƙansa. Mutum ɗaya ya rage: Baffa, wan Baba. Rabon da su yi magana da Baba tun ina makarantar sakandare, lokacin da Baffa ya sare bishiyar mangwaron da mahaifinsu ya dasa, don ya samu wurin ajiye mota.

"Gara in mutu da in roƙi mutumin nan," in ji Baba.

"Sai a rubuta tuzuru ne ya mutu," in ji Mama.

Muna isa gida ta sauko da akwatinta daga saman kwaba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta zaunar da ni a kicin ta nuna mini maganin Baba na safe da na yamma, da kofin da ake auna masa ruwa, da inda yake ɓoye gishiri a bayan gwangwanin shayi. Sannan ta koma falo tana ninke kaya. Baba yana kujerarsa yana kallonta.

"Sajan, da gaske tafiya za ki yi?"

"Ko ka kira Baffa ko ba ka kira ba, tafiya zan yi. In ka kira, zan dawo."

Ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Auta, ba ni wayar nan."

Ta nemo lambar a wajen 'yar Baffa, ta buɗe masa murya. Wayar ta yi ta ringi kafin a ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Yaya."



"Ashe kana raye. Haƙuri ka kira ka ba ni?"

Baba ya dubi Mama. Ba ta ɗago ba.

"Shi ne, Yaya. Dama bishiyar ta tsufa."

"Yanzu ka yi magana. To me kake so?"

Baba ya fara bayani. Mama ta rufe akwatin, ta hau kai ta zauna, ta ce wa Auta ta zo ta ja zif.