Bindigar da Verna ta Haɗa

Sati guda cur abinci bai yi wa Verna Strawser daɗi ba, saboda maganar da Merle Hockenberry ya yaɓa mata a lasifika, gaban mutanen gari kaf.

Duk kaka, kafin a buɗe farautar barewa, ƙungiyar maharban ƙauyensu da ke tsaunukan Pennsylvania takan yi gasar harbi da adaka, bindigar nan ta kakanni da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Layi biyu ake yi. Akwai na waɗanda suka sayi tasu gamammiya a kanti, akwai kuma na waɗanda suka sayo kayanta a kwali, bututu daban, kunama daban, itace ɗanye, suka haɗa da hannunsu. Na biyun shi ne mai daraja, shi Verna ta shiga tana da shekara sittin da tara. Ta harba sau uku, duka ukun a baƙin ɗigon tsakiyar allon da ake auna. Merle, shugaban ƙungiya kuma ɗan ƙanwar mijinta, ya karɓi bindigar ya jujjuya, ya shafa itacen, sannan ya sanar cewa wannan aikin ƙwararru ne, sayo ta aka yi, an soke. Talotalon da aka sa kyautar gasar aka miƙa wa wanda ya zo na biyu.

Talotalon bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ranar Lahadi a coci, da wata ta dafa kafaɗarta ta ce, “Ba komai, Verna, kowa na son kyauta.” Wato ta tabbata maƙaryaciya ke nan.

Ita da ta yi wata biyar a teburin kicin da kurfi da magagari. Mijinta Harlan ne ya sayo kwalin, kafin ya fara aikin sai hannunsa ya kama rawa, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa da hannu ɗaya. Shekara huɗu kwalin na ƙarƙashin gado. Da ya ce a sayar a sayi gamammiya, ta ce ba a gidanta ba. Karatu dai ba ta yi mai nisa ba, amma shekara talatin ta yi tana ɗinka wuyan riga a masana'anta, ta san abin da ake kira daidai. Harlan na karanta mata takardar bayani, ita tana sassaƙa, suna faɗa.

Da Asabar ta zagayo, ranar da 'yan ƙungiya ke taruwa karin kumallo, ta naɗe bindigar a bargo, ta sa 'yar guduma da siririyar ƙusa a jakarta.

“Tsohuwa, ki bar shi,” in ji Harlan. “In kika fitar da ƙusoshin da ke riƙe bututun nan itacen zai iya ɓantarewa. Wata biyar fa.”

“Ya ɓantare. Ɗauko hularka.”

Maza wajen talatin ne a zauren ƙungiyar, ga ƙamshin kofi da soyayyen ƙwai. Verna ta wuce kai tsaye teburin Merle, ta ture farantinsa gefe, ta shimfiɗa bargon.

“Inna Verna, ina kwana. Ki zauna mana a zuba miki kofi.”

“Ban zo shan kofi ba. Maimaita abin da ka faɗa.”

Merle ya yi 'yar dariya, ya dubi na kusa da shi. “Haba Inna, ai ba da wata manufa ba ne. Shekara ashirin ina duba bindigogi. Wanda bai taɓa haɗawa ba, ba ya zaunar da bututu haka, ko gashi ba ya shiga tsakanin ƙarfe da itace. Wataƙila Kawu ne ya sayo miki bai faɗa ba.”

“Kawun naka ga shi nan, ko maɓallin rigarsa ni nake sa masa. Kai kuma na san ka tun kana jiƙa mini katifa, ba yau ka fara magana kafin ka duba ba.”

Wani daga baya ya ƙyalƙyale. “Merle, ashe da tarihi.”

“Kai ma rufe mini baki, Orville, kai ka cinye talotalona.”

Ta fara gwada musu bindigar ba ɗure take ba, kamar yadda doka ta ce. Sannan ta ɗora siririyar ƙusar da ta zo da ita a kan ta farko cikin ƙusoshi ukun da ke riƙe bututu da itace, don ta bugo ta waje. Merle ya miƙo hannu zai taya ta.

“Kada ka taɓa.”

Ta farko ta fita lafiya. Ta biyu ma. Ta uku ta cije, da ta ƙara mata guduma sai ta fito tare da ɗan ɓantaren itace kamar ƙwayar shinkafa. Harlan ya runtse ido. Verna ta tsince ɓantaren, ta ƙulle a hankicinta. Ta kwance sukurun da ke gindin bututun, ta ɗaga bututun a hankali.

Duk mai haɗa adaka ya san yadda ake zaunar da bututu. Ana shafa wa ƙarfen launi, a danna shi cikin kwarmin itacen, a ɗaga, duk inda launi ya taɓa a kankare, a sake, sau ɗari in ta kama. Maza da baƙin hayaƙin kyandir suke yi. Shi ya sa da suka leƙa kwarmin bindigar Verna sai suka ƙara matsowa. Ja ne. Tun daga baki har gindi, ja ɗige-ɗige, wani wuri ya dushe, wani wuri ram.

“Wannan kuma mene ne?” in ji Merle.

Ta zazzage jakarta a teburin. Kwankon jan-baki uku suka gangaro, duk an ƙwaƙule su tas.

“Hayaƙi yana sa Harlan tari, sai na yi da jan-bakina. Na bikin 'yata ne, da na Ista biyu. Sa hancinka ka shinshina, har yanzu da ƙamshinsa. Wane kanti ne ke sayar da bindiga da jan-bakina a ciki?” Ta sa yatsa a wani tabo kusa da gindin. “Nan kuma kurfi ya kuɓuce mini ranar da aka yi babbar ƙanƙara, na cike da gam da garin katako. Kwana biyu ina kuka. Ƙwararrun naka haka suke yi?”

Orville ya sunkuya ya shinshina da gaske. “Wallahi irin na matata ne.”

Merle ya yi ja har kunne. Ya ce ƙasa-ƙasa, “To Inna, ki yi haƙuri.”

“Da raɗa ka zage ni?”

Sai da aka je ɗakin ajiya aka ɗauko lasifikar, aka nemo mata batir. Merle ya gyara murya ya ce an ɗan samu rashin fahimta a gasar makon jiya.

“Ni na fahimta sarai,” in ji Verna. “Sake.”

Ya sake. Ya ce Verna Strawser ce ta haɗa bindigarta da hannunta, ita ta ci gasa, shi ne ya yi mata ƙazafi. Ta sa ya yi alkawarin faɗin haka gobe a ƙofar coci, inda matan suke.

Sannan ta ja kujera ta zauna, ta kwance hankicin, ta dubi ɗan ɓantaren a tafin hannunta.

“Harlan, akwai sauran gam a gida?”

“Akwai.”

“To. Merle, yanzu kawo kofin.”