Hular Tasi'u

Da likitan mishan ya zo kwance wa Inna Tahira bandeji, sai da ya yi addu'arsa ta Kirista tukuna, ita kuwa ta yi bisimillarta a zuci. Shekara da shekaru yanar ido ta hana ta gani, sai jiya waɗannan baƙi suka yi mata aiki a ɗan asibitin ƙauyensu, can gefen Kunci.

Haske ya shigo mata kamar an yaye rufin ɗaki. Likitan, wani Bature mai zumuɗi, ya janyo ɗanta Tasi'u ya tsayar a gabanta. Nas Rifkatu ta fassara: "Inna, wai wa kike gani? Ki faɗi sunansa."

Ji wata tambaya! Ɗan farin nata za ta tsura wa ido, har ta kama sunansa a gaban mutane? Ta kau da kai, ta ja bakinta ta tsuke.

Jikin Bature ya yi sanyi. Ya zaro tocila, yana zaton aikin ya ɓaci. Rifkatu kuwa, da yake Bahaushiya ce, ta danne dariya tana yi masa bayanin kunyar ɗan fari.

Inna ta gaji da surutunsu, ta yafito Rifkatu.

"'Yar nan, ki ce wa likita Allah ya saka da alheri. Wancan kuma ki ce ya gyara hularsa, a karkace take. Yaushe ma ya yi furfura haka, ba wanda ya gaya mini?"